Lauratu Mai Awara da Hoton da Ya Fito Fari Fat

Duk wanda ya saba sauka a tashar motar Malumfashi da yamma ya san Gwaggo Lauratu, in bai san sunanta ba to ya san ƙamshin kaskonta. Awara take soyawa a gindin wata darbejiya da ke gefen titi, daga bayan la'asar har a kira magariba. Ƙanwar mahaifina ce, shi ya sa nake ce mata Gwaggo, amma tuni sunan ya bi gari. Direbobi da 'yan kamasho da masu keke napep, har dattawan da suka girme ta, duk Gwaggo suke kiranta.

Siririya ce, doguwa, mai wushirya, kuma ba ta iya dariya a hankali ba. A wani ƙauye kusa da Kafur aka haife ta, gidan manoma masara da auduga da waken suya. Ta gama firamare, ta iya karatun Hausa da ɗan Turancin da za ta gane allon asibiti. Mijinta Malam Ummaru ita ta zaɓe shi da kanta. Ya zo ƙauyensu a kan keke wajen mahaifinta, yashi ya kwashe tayar, ya faɗi a gaban 'yan mata suna dawowa daga rijiya. Maimakon ya tashi ya basar, sai ya zauna a ƙasa yana ƙyalƙyala dariya har da hawaye. Gwaggo ta ce tun a ranar ta san da wannan mutumin za a iya zama.

Bayan an kawo ta Malumfashi ne ta koyi awara wajen wata tsohuwa maƙwabciyarta. Malam yana noma waken, ita tana sarrafawa. Takan jiƙa shi tun da dare, da safe a kai markaɗe, ta tace, ta ɗora a wuta, in ya tafaso ta zuba ruwan tsami ya dunƙule, ta kwashe cikin farin buhu ta ɗaure, ta ɗora masa wani ƙaton dutse ya matse ruwan. Sai yamma ta yanka ta fita da kasko da yajinta. Da wannan sana'a ta taya Malam rainon yaransu, har babbar, Yasmin, ta shiga kwalejin horar da malamai.

Tun tana amarya an taɓa cire mata wani ɗan ƙullutu a nono, kamar ƙwayar gurjiya, wanda in ta taɓa shi sai ya sulle ya koma gefe. A asibiti aka yi ɗan aiki aka fitar da shi, aka ce mata ba mugu ba ne. Ta yi godiya ga Allah ta ci gaba da harkarta. In ba don ɗan tabon ba da ta manta ma an yi.

Shekarar da ta haura arba'in da biyar, ana tsakiyar kaka, ta fara jin ciwo a nononta na hagu duk sanda ta sunkuya ɗaukar dutsen nan. Da ta lalluba sai ta ji wani abu a dunƙule. Ta ce wa kanta ai nauyin dutse ne. Ta je kemis aka ba ta ƙwayoyi ta shanye, ciwon ya ɗan lafa, amma abin yana nan inda yake. Ba ta faɗa wa Malam ba, don a lokacin wakensa ya bushe a gona, kuma waken suya in aka yi jinkirin cirewa fashewa yake ya zube a ƙasa. Hankalinsa duk yana can.

Wadda ta faɗa wa ita ce Chinecherem, mai shagon robobi da kwanuka da ke bayan darbejiyar. Iyayenta 'yan kudu ne, amma a Funtua aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta kowa a garin. Kowa Maman Onyeka yake ce mata, da sunan ɗanta na fari. Sun yi shekara da shekaru suna maƙwabtaka, Gwaggo tana ajiye kaskonta a shagon in ta tashi, ita kuma Maman Onyeka ba ta taɓa kwana ba ta ci awara ba. Gwaggo ta kawo maganar ne cikin wasa, tana juya awara a mai. Maman Onyeka ba ta yi dariya ba. Ta ba ta labarin ƙanwar mahaifiyarta da ta yi ta ɓoye irin wannan abu, tana shafa man zafi, sai da ya fashe aka sani, kuma ba ta tashi ba.

"Gobe ba zan buɗe shago ba," in ji ta. "Ki shirya da wuri, Maman Yasmin, asibiti za mu."

Gwaggo ta ce to wa zai soya wa direbobi awara? Maman Onyeka ta ce su ci ƙosai.

A asibitin garin wani likita ya duba ta da wata ma'aikaciyar jinya a tsaye a gefe. Ya ce a yadda ya ji da hannu abin bai yi kama da mugu ba, amma hannu ba ya yanke hukunci, kuma a shekarunta ya kamata a ɗauki hoton nonon da na'ura. Ya rubuta mata takardar zuwa Zariya.

Nan dole ta faɗa wa Malam. Yana cin tuwo ta faɗa masa, ya ajiye lomar da ya ɗebo. Can ya tambaye ta tun yaushe, da ta faɗa masa ya ce ba ta kyauta ba, wake ai ba ya fi ta ba ne. Ya ce zai bar gonar su tafi tare. Ita ta hana shi, ta ce ɗakin da za a shiga na mata ne, in ya je ma a waje zai zauna yana hamma, gara ya kwashe wakensa don in ya zube ita ce ba ta da abin soyawa. Da ƙyar ya yarda Maman Onyeka ta raka ta. Shi ya kai su tasha a kan babur, ya yi ta jaddada wa direba ya bi a hankali har direban ya fara tsokanarsa.

Suka bi ta Funtua, suka wuce Giwa, suka isa asibitin da hantsi. Labarin na'urar nan Gwaggo ta ba da shi ya fi a ƙirga, kuma kullum sai mata sun riƙe ciki. Ta ce aka sa ta tsaya, wata ma'aikaciya ta ɗora nonon a kan wani faranti, wani farantin ya sauko daga sama ya danne. Ta ce tana jin matsin sai ta tuna buhunta da dutsenta, ta ce wa ma'aikaciyar ashe yau ita ce awarar. Matar ta yi dariya har sai da ta roƙe ta ta daina motsi kar hoton ya lalace.

Likitar da ta karanta hoton Dakta Sekinat ce, wata Bayarabiya da ta tashi a Zariya, mai magana a nutse. Ta juyo da allon na'urarta ta nuna musu. Hoton ya fito fari fat, sai ɗan duhu a gefe-gefe. Ta yi musu bayani cewa nonon mace kitse ne da kuma naman da ke yin ruwan nono tare da zaruruwan da ke riƙe shi. Kitse a hoto duhu yake fitowa, naman kuma fari. Wasu mata kitsen ya fi yawa, wasu naman ne ya cika wurin ya cunkushe, kuma Gwaggo tana cikin na biyun.

Gwaggo ta kalli ƙirjinta ta kalli likita. Ta ce, "Likita, ni da ko rigar mama sai an tono mini ta 'yan mata, ni ce nawa ya cika?"

Dakta Sekinat ta yi murmushi ta ce abin ba a girma yake ba, ba kuma a tauri ba. Ba a gane shi da ido ko da hannu, sai a hoto. Ta ce ba cuta ba ce, haka Allah ya halicci mata da yawa, kuma sau da yawa yana raguwa in mace ta manyanta. Amma yana da matsala biyu. Ta farko, in akwai ƙari a ciki shi ma fari yake fitowa, sai ya zama kamar an ce ka nemo farin ƙwai a cikin tulin auduga. Ta biyu, matan da nasu yake haka sun ɗan fi sauran yiwuwar kamuwa da sankarar mama, ko da yake yawancinsu har su tsufa ba sa kamuwa. Don haka hoton shi kaɗai bai isa ba, sai an ƙara da sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki.

A sikanin ɗin ne aka ga abin da ke damunta a hagu. Wata 'yar jaka ce mai ruwa. Likitar ta sa allura ta zuƙe ruwan, Gwaggo ta lalluba ta ji wayam. Har ta fara ɗaura zani tana ce wa Maman Onyeka su tashi su kama motar farko, likita ta ce ta ɗan kwanta tukuna a duba na daman. A nan aka ga wani ɗan wuri ƙanƙane a can ciki, wanda bai taɓa yi mata ciwo ba, ba ta kuma taɓa jin sa ba. Dakta Sekinat ta ce ba za ta ce komai a kansa ba sai an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin gwaji. Aka kashe wurin da allura aka ɗiba, aka ce su dawo bayan 'yan makonni.

Suka kamo hanyar gida. Maman Onyeka ta sayi rake a Giwa ta miƙa wa Gwaggo, ita kuwa ta riƙe shi a hannu har Funtua ba ta sha ba.

Makonnin nan su ne kaɗai na taɓa ganin Gwaggo a sanyaye. Tana fita sana'a, amma sai ta yi tagumi har awara ta ƙone a kasko, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta ƙara yawan nafila. Malam ya karɓi aikin ɗora dutse, kuma bai iya ba. Wata rana ya ɗora shi a karkace, awarar ta fito gefe ɗaya kamar katako, ɗaya gefen kamar kunu. Wannan ne ya fara dawo mata da dariyarta. A lokacin kuma wata magana ta fara yawo a unguwa, wai waken suya ne ke kawo ciwon nono, wai wani ya ji a waya. Wasu mata suka hana yaransu sayen awara. Wannan ya fi komai ɓata mata rai, don ta ce in gaskiya ne to shekara da shekaru tana ciyar da mutane cuta.

Ranar karɓar sakamako Maman Onyeka ta sake rufe shago. Dakta Sekinat ba ta ja musu rai ba, suna zama ta ce, "Ba sankara ba ce." Gwaggo ta ce Alhamdulillahi, ta sa gefen mayafi ta share ido. Maman Onyeka ta ɗaga hannu sama tana godiya da yarensu.

Sai likitar ta ce akwai saura, su saurara da kyau. Ta ce ƙullutun da ba sankara ba iri-iri ne, ba duka suke ɗaya ba. Jakar ruwan da aka zuƙe ba ta ƙara wa mace wani haɗari. Wanda aka cire mata tana amarya, daga yadda ta kwatanta shi, shi ma irin wanda ba a damuwa da shi ne. Amma wannan na dama dabam yake. Ƙwayoyin naman wurin sun yi yawa, kuma kamanninsu ya fara sauyawa daga yadda aka saba gani. Ba su zama sankara ba, wataƙila ma ba za su taɓa zama ba, amma macen da aka samu irinsu a jikinta ta fi sauran mata haɗari nesa ba kusa ba, kuma a duka nonon biyu, ba wanda aka samu abin kaɗai ba. In aka haɗa da cunkoson naman da hoto ya nuna, to Gwaggo tana cikin waɗanda ya kamata a riƙa sa wa ido. Shawararta ita ce a cire ɗan wurin a duba shi gaba ɗaya, daga nan kuma ta riƙa zuwa duk shekara a yi hoto a yi sikanin, ko tana jin ciwo ko ba ta ji. Ta tambaye ta ko a danginsu akwai wadda ta taɓa yin ciwon, Gwaggo ta ce ba ta sani ba, a ƙauye in mace ta rasu sai a ce zazzaɓi.

Kafin su tashi Gwaggo ta yi tambayar da ke cin ta. Ta ce ita mai awara ce, a faɗa mata tsakani da Allah ko wake ne ya jawo mata. Dakta Sekinat ta ce sam, babu ruwan awara, ita kanta tana ci tana ba yaranta. Ta ce in akwai abin da za ta ce a rage to man suyar ne, shi ma don ƙiba da hawan jini. Gwaggo ta dubi Maman Onyeka ta ce ta zama shaida, don in ita ta faɗa a gari za a ce tallar hajarta take.

An yi aikin bayan ɗan lokaci, bai ma kai ta daɗe a gado ba. Da aka duba naman ba a samu abin da ya wuce na farko ba. Amma kafin ta iso gida labari ya riga ta, wai an yanke wa Lauratu nono. Mata suka cika ɗakinta, kowacce fuska a murtuke, ana ta sannu cikin sanyin murya kamar gidan rasuwa. Gwaggo ta bari sai da suka gama, ta ce a saki labule. Ta ɗaga riga ta nuna musu ɗan filastan da bai kai tafin hannun jariri ba, ta ce kowa ta ƙirga da kyau ta gani ko akwai wanda ya ɓata. Ɗakin ya kaure da dariya. Maman Onyeka kuma ta tsaya ta ba da shaidarta a kan awara, har da ƙarin gishiri, wai likita ta ce a aika mata da ta Malumfashi.

Daga ranar wasu mata suka fara zuwa wurinta ɗaya bayan ɗaya, in sun ga ba kowa, su ce su ma suna jin wani abu. Wata har ta ce wa Gwaggo ta taɓa mata ta ji. Gwaggo takan ce ita ba likita ba ce, kuma nata na dama da ya fi muhimmanci hannu bai taɓa jin sa ba, don haka asibiti za su. Wasu sun je, wasu ba su je ba. Ƙanwarta Humaira da ke aure a Maska sai da Gwaggo ta je ta zauna mata a gida ta ce ba za ta tashi ba sai sun tafi. Hoton Humaira ma fari ya fito, amma ba a samu komai a ciki ba. Yasmin ta so a yi mata, likita ta ce shekarunta ba su kai na hoto ba, ta dai san jikinta, in ta ga sauyi ta zo.

Yanzu Gwaggo ta kai hamsin da 'yan kai. Tana nan a gindin darbejiyarta, ta rage mai kaɗan, masu saye sun dawo har sun ƙaru. Duk shekara in an gama kaka takan sa atamfarta mai kyau ta tafi Zariya. Takan ce zuciyarta tana ɗan bugawa in aka kira sunanta, ba ta ɓoye wannan, amma zuwa yanzu kullum lafiya ake ce mata.

Bara Maman Onyeka ta tafi kudu bikin ɗan'uwanta, sai Malam ya ce wannan karon shi zai raka ta. Ta shiga ta bar shi a benci a bakin ƙofa. Da ta fito da sakamakonta mai kyau sai ta tarar ba ya nan. Ta kira wayarsa ba a ɗauka. Ta yi ta zagaye asibitin tana tambayar masu gadi ko sun ga wani dattijo mai shuɗiyar riga. Can ta same shi a sashen ido, zaune a gaban allo, an rufe masa ido ɗaya yana karanta baƙaƙe. Ashe ya tashi neman wurin alwala ne ya ɓata, ya ga layi, ya tambaya aka ce na gwajin ido ne, ya ce dama ya daɗe ba ya ganin lambar waya sosai, ya bi layin.

Da tabarau ya dawo Malumfashi. A cikin mota ya sa shi, ya juyo ya ƙare mata kallo, ya ce, "Lauratu, ashe haka kika yi furfura?"

Ta ce in ya ƙara magana za ta karɓe tabaran ta mayar wa masu shi. Fasinjojin da ke bayansu suka yi ta dariya har aka wuce Bakori.